Kiyashi, Randa Da Agogon Hannu

 Tsarabar yau ta masu ciwon da ake rayuwa da shi ce, irin su suga, hawan jini, sikila da ciwon zuciya, da kuma 'yan na'urorin da masu bincike ke ta ƙerowa don sa musu ido dare da rana. A gyara zama, kayan da yawa.

Daga gida za mu ɗauko. Tun asibitin koyarwa na Zariya yana nan Tudun Wada, kafin ya kwashe ya koma Shika a 2005, likitocinsa suka rubuta sunayen mata sama da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa tsakanin 1969 da 1972, suka yi ta bin sawunsu, har aka sake komawa neman labarinsu bayan fiye da shekara 20. Babu waya babu kwamfuta, daga kati sai biro sai ƙafa!

Abin da suka gano ya kai sunan Zariya cikin littattafan likitanci na duniya: a wancan zamani kusan mace 1 cikin kowace 100 da ta haihu takan gamu da wannan ciwo, aka kuma ɗora zargi a kan kunun kanwa, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Gata iyaye suka nufa, zuciya ce aikin ya yi wa yawa.

A 2024 aka fitar da sakamakon gwajin wani abin sauraron ƙirji mai ƙirƙirarriyar basira, da aka yi a asibitoci 6 na Najeriya, har da na Kano da Dutse, a kan masu ciki da masu jego kusan 1,200. Inda aka yi aiki da shi an gano masu raunin zuciya ninki biyu na inda aka bi yadda aka saba. Mai jego mai haki da kumburin ƙafa, a daina cewa gajiyar haihuwa ce, a kai ta a saurara!

Shi kansa abin sauraron nan kunya ce ta haife shi. A 1816 wani likita a Faransa ya ji nauyin kara kunnensa a ƙirjin wata budurwa, ya naɗe takarda ya ɗora, sai ga bugun zuciya ya fi fitowa raɗau. Wa ya ce kunya ba ta da rana?

Na'urar farko da mutum zai ɗauka yana yawo tana aika bugun zuciyarsa ta rediyo, wadda aka haɗa a Amurka a ƙarshen shekarun 1940, goya ta ake yi a baya, nauyinta kilo 38, ta kusa buhun siminti. Jikarta ta yau a tsintsiyar hannu take kwana.

Batirin zuciya na farko da aka dasa wa mutum, a Suwidin a 1958, awa 3 kacal ya yi ya tsaya. Mutumin ya yi ta karɓar sabo har guda 26 a rayuwarsa, ya rasu a 2001 yana ɗan shekara 86, bayan likitan da ya yi masa aikin da wanda ya ƙera na'urar duk sun riga shi. Mai sauran shan ruwa a gaba ke nan!

Duk da wannan zamani, sikelin awon nauyi na cikin manyan masu gadin mai raunin zuciya: ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 alama ce ruwa na taruwa a jiki, tun kafin numfashi ya sarƙe. In an ga wannan ƙibar, kada a yi barka, a kira likita.

Ga gwaji biyu masu kama da juna, sakamako daban. A Amurka, a gwajin da sakamakonsa ya fito a 2010, an sa masu ciwon zuciya su riƙa kiran wata lamba kullum suna danna wa muryar kwamfuta amsoshi, ba a ga wani bambanci ba, har ma kusan mutum 1 cikin 7 bai taɓa kira ko sau ɗaya ba. Hira da inji akwai gundura!

A Jamus kuwa, a gwajin da sakamakonsa ya fito a 2018, awon da majinyaci ya yi a gida kai-tsaye yake tafiya wajen likitoci da nas-nas da ke zaune dare da rana, suna gani suna bugo waya, suna gyara magani. A nan kwanakin jinya suka ragu, mace-mace ma suka ragu. Sirrin yana wajen mai ɗaga waya.

To, ga hawan jini. Cikin dabbobin farko da aka auna wa ƙarfin jini a tarihi akwai wata goɗiya: a rahoton da wani limamin coci ɗan Ingila ya fitar a 1733, ya haɗa dogon bututun gilashi da jijiyarta, jini ya haura sama da ƙafa 8. Mun gode Allah da aka samo ɗamarar damtse a 1896!

Raƙumin dawa, da za a ɗaura masa na'urarmu, ƙarfin jininsa ya kai ninki biyu na ɗan Adam, don dole zuciyarsa ta tura jini har can ƙolin wuya. Shi kam bai san layin kemis ba.

Manya sama da biliyan 1 ke da hawan jini a duniya, kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, domin galibi ba ya sa ciwon kai, ba ya sa jiri, ba ya komai sai ranar da ya yi ɓarna. Masu cewa “ai ina ji a jikina in ya hau”, damtse za ku miƙo!

Akwai waɗanda ganin farar rigar likita kaɗai ke ɗaga musu jini, su koma gida ya sauka. Akwai kuma masu akasin haka, a asibiti lafiya lau, a gida yana sama, kuma su ne abin tsoro don ba a cika kama su ba. Awon gida ke raba gardama.

Wani bincike na 2024 ya nuna in ka ɗora hannu a cinya lambar sama kan ƙaru da kusan 4, in ka sake shi yana reto a gefe ta ƙaru da fiye da 6. Hannu a kan tebur daidai ƙirji ake so, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba. Kuma a yi shiru, “ina gajiya” ta jira minti 5.

Goro, shayi mai kauri, kofi da taba, duk a ba su hutun minti 30 kafin awo, a kuma zaga bayi tukuna, don cikakkiyar mafitsara kan ƙara wa lambar kusan 10. Alhaji, ɓarin goron nan ya ɗan dakata a aljihu.

Ɗamarar ma da girmanta: in ta yi wa mai kauri kaɗan sai ta ƙara masa hawan jinin da ba shi da shi, in ta yi wa siriri yawa ta rage masa. Kafin a saya, a ari tef ɗin tela a auna damtse.

A gidajenmu na Tudun Wada da Gyallesu, na'ura ɗaya kan yi wa maigida da uwargida da kaka da maƙwabta hidima, ita kuwa duk ta tara lambobin wuri guda, ba ta san na wane ne ba. Kowa ya buɗe littafinsa, zumunci bai kai nan ba!

Sai suga. Likitocin Indiya na dauri da kiyashi suke gwaji, in suka yanyame fitsarin mutum to an gane, kuma har gobe tsofaffinmu na lura da wannan alama a makewayi. Ma'aikatan ɗakin gwaji marasa albashi!

Likitocin Turai kuwa da harshe suka yi nasu: a 1674 wani likitan Ingila ya rubuta cewa fitsarin masu wannan ciwo yana da zaƙi, a 1776 wani ya ƙafar da shi a wuta ya tarar da sukari a ƙasan kwano. Aikin likita ya daɗe yana son haƙuri.

Ka ɓare lemo ko ka sha mangwaro ko rake, ka huda yatsa ba ka wanke hannu ba, mita za ta karanta zaƙin da ke fatarka ta ba ka lamba mai tayar da hankali. Wani bincike a Japan ya nuna ko goge yatsan da audugar sifirit bai wadatar ba. Ruwa da sabulu, a tsane, sannan a huda.

Mitocin suga yare biyu suke ji: wata ta ce 7, wata ta ce 126, duk abu ɗaya suke nufi, don da 18 ake ninka lambar farko a samu ta biyu. Kafin Hajiya ta firgita da lambar maƙwabciya, a duba 'yan haruffan da ke gefe.

Mitar sau ɗaya ake saye, tsinken gwajin ne ke cin aljihu, ga shi na wannan kamfani ba ya shiga mitar wancan, zafi da danshi kuma na lalata shi in an bar murfi a buɗe. Kafin ɗan'uwa ya aiko da mita daga Saudiyya, a tambayi masu kemis na bakin tsohon asibiti ko suna da tsinkenta.

A 1984 masu bincike a Amurka suka ba masu suga mitocin da ke adana lamba a asirce, da aka kwatanta da littafin da suke rubutawa sai aka ga kusan uku cikin huɗu sun sassauta lambobin, wasu ma sun rubuta awon da ba su yi ba. Kunyar likita ce, mun sani, amma a gaya masa gaskiya, ba gaban alƙali aka je ba.

Akwai ma gwajin jinin da ke ba da labarin sugan wata 2 zuwa 3 da suka wuce, domin jajayen ƙwayoyin jini kan yi kwana 120 suna yawo, sukari na manne musu. Ƙaurace wa lemon kwalba ana gobe ganin likita ba ya ɓoye komai!

Sai dai ga mai sikila wannan gwaji kan yi kuskure, tunda nasa ƙwayoyin kwana 10 zuwa 20 suke yi su mutu. A sanar da likita tun daga ƙofa.

Ɗan faifan nan da ake mannawa a damtse ya yi kwana 14 yana aika lamba ga waya, ruwan da ke ƙarƙashin fata yake aunawa, shi ya sa yakan makara da 'yan mintoci a bayan jini. In kuma ka kwanta a kansa da dare, yakan yi ƙarar cewa suga ya faɗi alhali matse shi ka yi. A juya ɗaya gefen, in ana shakka a huda yatsa.

Da aka manna wa masu azumi irin wannan faifai a ƙasashen Larabawa, zanen ya nuna suga na gangarawa sannu a hankali har yamma, ana shan ruwa kuma ya yi tsalle sama a tsaye. Dabino, kunu, ƙosai, zoɓo da kankana duk a zama ɗaya? A ba su layi!

Malamai da likitocin da suka zauna a kan batun sun ce huda yatsa don awo ba ya karya azumi, kuma in lambar ta sauka ƙasa da 70 ko ta haura 300, a sha ruwa nan take. Shawara da likita tun watan Sha'aban ake yi.

A 2013 wani uba a Amurka mai ƙaramin yaro da ke da suga ya rubuta manhajar da ke turo masa lambar yaron a waya daga nesa, ya kuma saki dabarar kyauta ga sauran iyaye tun kafin kamfanoni su fito da tasu. Hankalin iyaye ba ya jiran kasuwa.

Ina za a ajiye allurar insulin in an ɗauke wuta? Masu bincike a Khartum sun jera randunan ƙasa da salkar fatar akuya, suka zura musu ma'aunin zafi na zamani, suka tabbatar suna sauke zafi sosai, musamman in iska a bushe take. Randar kaka ta ci jarrabawa!

Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wani malami a Dutse ya yaɗa ta a shekarun 1990 don adana tumatir da gauta, har ta ciyo masa kyautar duniya a 2000. Kwalbar magani dai a killace ta a leda, sanyi ake nema ban da jiƙa.

Kankare azurfar jikin kwalin magani, a tura lambar ta tes a ji ko na gaske ne, a 2010 aka fara shi a Najeriya, kuma da maganin ciwon suga aka buɗe fage. Farce da waya, mai jabu ya shiga uku!

Manhajar da ke duba hoton cikin ido ta gano ɓarnar suga ta yi bajinta a ɗakin bincike, amma da aka kai ta ƙananan asibitocin Tailan sai ta ƙi karɓar hoto 1 cikin 5 saboda hasken ɗaki bai yi mata ba, intanet kuma na jan ƙafa. Duk na'urar da za a kawo mana, a gwada ta a nan, da ƙurarmu da wutarmu.

Ƙafar mai suga kan yi ɗumi kwanaki kafin gyambo ya ɓulla, shi ya sa aka ƙera tabarma da safa masu auna zafi, in wani wuri ya ɗara takwaransa na ɗaya ƙafar da digiri 2.2 su sanar. Mu da ke alwala kullum, ga damar leƙa tsakanin yatsu kyauta, a kuma tsane su.

Najeriya ce kan gaba a duniya a yawan masu sikila, jarirai wajen 150,000 duk shekara, kuma kusan mutum 1 cikin 4 na ɗauke da AS ba ya jin komai. Wata 'yar na'ura da ke karanta ɗigon jini ta faɗi nau'insa cikin minti 10, da yaran Kano aka gwada ta. Gwaji tukuna, kafin a kai kuɗin gaisuwa!

A asibitocin Kano da Kaduna ana kara wa yaro mai sikila wata na'ura a gefen kai, ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. In ya kai santimita 200 a daƙiƙa, to yaron na cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ba allura, ba zafi, yaro na kwance yana kallon rufi.

A Amurka ƙarin jini ake yi wa irin waɗannan yara duk wata, abin da ya fi ƙarfin yawancin gidajenmu, sai aka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a kan yara 220 a Kano da Kaduna, aka ga ƙaramin awo ma na kare su daidai da matsakaici. Wannan bincike namu ne, don namu aka yi shi, kuma ya cancanci tafi!

Ɗan maƙalen yatsa mai nuna iskar oksijin haske yake harbawa ta cikin fata, kuma binciken 2020 a Amurka ya nuna ya fi yi wa baƙar fata kuskure kusan ninki uku, ya ce lafiya alhali iska ta yi ƙasa. In mutum na haki, a yarda da mutumin kafin na'urar.

Baƙin lalle da fentin farce mai duhu ma na rikita shi, jan lalle na gargajiya kuwa bai cika damunsa ba. Amarya, a bar wa likita yatsa ɗaya!

Layin GSM ya shigo Najeriya a 2001, kafin shekara 10 waya ta zama kayan aikin jinya a nahiyar nan. A Kenya nas-nas kan aika wa masu shan maganin ƙanjamau tes na kalma ɗaya duk mako, na tambayar lafiya, wanda ya ce da matsala ko ya yi shiru kwana 2 a kira shi, kuma sakamakon 2010 ya nuna sun fi shan magani a kan kari. Gaisuwa ma magani ce!

Wani gwajin a ƙauyukan Kenya ya gano tes na mako-mako ya yi aiki, na kullum-kullum kuwa bai yi ba. Yawan tuni, kunne ya toshe.

A Indiya masu tarin fuka kan ɓallo ƙwaya daga kwali su tarar da lambar waya a ɓoye a bayanta, su kira kyauta, kwamfuta ta rubuta cewa yau an sha. Filashin ya samu aikin yi!

A 2017 Amurka ta amince da ƙwayar magani mai ɗan guntun na'ura a ciki, faɗinsa milimita 1, wanda ruwan ciki ke kunnawa ya aika saƙo cewa an haɗiye. “Wallahi na sha” ta samu mai shaida.

Amma fa a unguwanninmu waya ɗaya kan ratsa hannun miji da mata da yara da mai caji na bakin titi, saƙon da ya ambaci sunan ciwo kuwa tonon asiri ne. Masu haɗa manhaja, a sakaya magana, a kuma yi ta da murya cikin Hausa don kaka ta ji.

A Tanzaniya 'yan'uwan gafiya aka horar su shinshina kakin masu tari, su tsaya a kan wanda ke da tarin fuka, samfur 100 cikin minti 20, ladansu ayaba. Mu a nan Saye, inda ake horar da ma'aikatan tarin fuka na ƙasar nan, inji ne ke ba da amsa cikin awa 2. Gafiya dai ta samu aikin asibiti!

Abin shaƙar masu asma ma an maƙala masa na'urar da ke rubuta lokaci da wuri, har aka zana taswirar unguwannin da numfashi ya fi sarƙewa a wani birnin Amurka, aka ba da shawarar inda za a dasa itatuwa. Da za a zana ta Zariya a hunturu, da ƙura ta sha tambayoyi!

Taku 10,000 a rana da agogo ke matsa maka ka cika, daga tallan wani ma'aunin taku na Japan ya samo asali a 1965. Binciken 2019 a kan tsofaffin mata ya ga amfani tun daga taku 4,400, ya daidaita wajen 7,500. Daga Agoro zuwa Ƙofar Doka a ƙafa, a dawo, an rage bashi.

Agogon kuwa motsin hannu yake ƙirgawa, don haka matar da ta daka gero a turmi ko ta tuƙa tuwon gidan biki za ta ga ya ba ta taku masu yawa tana tsaye wuri ɗaya, ɗan acaɓa ma ramukan hanya na ƙara masa. Na mai daka dai halal ne, gumi ya shaida!